Lokacin da Fiyano Ke Koyon Hausa

Mu a Kano da babur muka san Yamaha. In aka ce wane ya yi Yamaha, fitowa ake yi ƙofar gida a zagaye sabon abin hawa, a shafa tanki, a ce Allah ya sa a kashe lafiya. Casio kuma agogo ne, ko kalkuletar 'yan Kantin Kwari. Alamar nan ta jikin tankin, mai 'yan ƙarafa uku a sarƙe, mun ɗauka ado ce kawai, ashe ƙarafan da ake daidaita sautin kayan kiɗa da su ne. Da kiɗa kamfanin ya soma. Mai shi, Torakusu Yamaha, gyaran agogo da kayan asibiti yake yi. A 1887 aka kira shi ya duba wani fiyano mai aiki da iska da ya lalace a wata makarantar garin Hamamatsu na Japan, ya gyara shi, ya ga ai shi ma zai iya ƙera irinsa. Babur ɗin da muke ta shafawa sai 1955 ya zo. Labarin yana yi mini daɗi, don ni ma da gyara na ci abinci, kodayake ni ban taɓa komawa gida na ƙera komai ba.

Shagon da na koyi aiki rabin ɗaki ne a gefen Fagge, daidai inda unguwar take haɗa kafaɗa da Sabon Gari. Rediyo da rikoda ne abincinmu, sai garmaho jefi-jefi, daga baya talabijin. Shagon yana da warinsa, wanda ba ya barin riga ko an wanke ta: ƙaron da ke cikin dalma in ta narke, da ƙurar hunturu da ta kwanta a kan taransifoma ta sha zafi, ga kuma kalanzir ɗin rishon mai shayin da ya jingina teburinsa da bangonmu. Maigidana mutum ne mai tsadar magana. Tabaransa ƙafa ɗaya gare shi, ɗaya gefen zare ne ya zagaye kunne. In aka kawo rediyo ba ya buɗe ta sai ya kunna, ya kara a kunne, ya lumshe ido, mai kaya yana tsaye yana ta zuba bayanin da ba a tambaye shi ba. In na yi garajen ɗaukar sukundireba sai ya ce, "Kai yaro, ajiye. Ka ji ta tukuna."

A farkon shekarun 1980 ne, bayan dawowar alhazai, lokacin da unguwa take ƙamshin turare da dabino, yara suna yawo da 'yar kyamarar robar nan da ake leƙawa a ga Ka'aba, wani Alhaji maƙwabcinmu ya shigo riƙe da wani farin abu, tsawonsa bai kai na damtse ba.

"Malam, duba mini wannan. A Jidda na saya don lissafi. Na zauna zan haɗa kuɗin atamfa, sai na ji yana busa."

Maigida ya jujjuya shi, ya kara a kunne bisa al'ada, ya tura wani ɗan maɓalli gefe. Sai ga kiɗa ya ɓarke, tik-tik-tak, tik-tik-tak, da wata siririyar murya a kai. Ya kashe, ya gyara zaren tabarau.

"Alhaji, lafiyarsa ƙalau. Lissafin ma yana yi. Sai dai makaɗi ne."

Alhaji ya yi salati. Ya ce su gidansu ba a kiɗa tun kaka da kakanni, a ajiye masa a nan har Allah ya kawo mai saye. Mai saye kuwa ya yi jinkiri, domin duk wanda ya taya sai na ce masa mai shi ya yi tafiya.

Casio VL-1 ke nan, wanda ake kira VL-Tone. 'Yan madannai 29 gare shi, ƙanana, batir huɗu yake ci, kuma sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, ko da ka danna uku. An rubuta masa muryoyi biyar a jiki, har da fiyano da jita da sarewa da gogen Turawa, amma duk wanda ya taɓa jin ɗaya daga cikinsu a zahiri ya san ƙarya aka yi wa mai shi. Akwai kiɗan ganga iri goma, kuma yana iya haddace sauti 100 ya maimaita maka. Bayan la'asar, in Maigida ya tafi masallaci ya ɗan jima a majalisa, yaran layinmu kan cika ƙofar shago har su tare haske. Kowa yana so ya danna sau ɗaya. Mai tallan gyaɗa takan ajiye farantinta ta manta da shi.

Abin da ya kama ni a jikinsa ba waɗannan muryoyi ba ne. Akwai ta shida, wadda kai za ka ƙera ta. Sai ka mai da shi kalkuleta, ka rubuta lamba mai alƙaluma takwas, ka adana, ka dawo gefen kiɗa. Kowane alƙalami yana da aikinsa: ɗaya ya zaɓi asalin muryar, ɗaya ya ce da sauri za ta taso ko a hankali, wani ya ce yaya za ta sauka, biyu ƙarfi da tsawon zamanta, wani yadda za ta mutu in ka ɗaga yatsa, na ƙarshe biyun kuma su sa mata rawar murya. Canza 3 zuwa 7, sai abin da ke ƙyas-ƙyas ya koma shan iska. Na cika bayan ƙofar shagon da lambobi da fensir. Akwai wadda na rantse algaita ce, na rubuta "Sarki" a gefenta. Da na kaɗa wa Maigida, ya saurara har ƙarshe, ya ce in dai wannan ce algaitar, to sarkin bai daɗe da tuɓewa ba.

Daga baya na gane duk wata na'urar haɗa sauti, wato sintesaiza, komai girmanta da tsadarta, wannan aikin take yi. Ba ta da fata, ba ta da tsirkiya, ba a busa ta. Wutar lantarki take kaɗawa ta zama murya, sannan ta ba ka damar sassaƙa muryar. Wasu Jamusawa da ake kira Trio ma da irin wannan ɗan abin na Alhaji suka yi waƙarsu "Da Da Da" a 1982, ta zagaye Turai.

Babbar yayarsa kuwa a cikin bargo ta zo mana, a bayan tasi. Otal-otal ɗin Sabon Gari a lokacin suna da 'yan kiɗa na zaune, wasu daga kudu, wasu daga Gana, kuma in kayansu ya samu matsala mu ne kusa. Mutumin ya buɗe bargon a hankali. Jikin katako ne, madannai 44, da wani allo da ake ɗagawa ya tsaya a karkace, cike da maɓallan murɗawa. Minimoog. Kamfanin Robert Moog na Amurka ya fara yin ta a 1970, aka daina a 1981, duka-duka ba su wuce dubu 12 da 'yan kai ba a duniya, ga ɗaya a kan teburinmu kusa da kofin shayi. Ƙorafinsa shi ne tana kauce wa sauti, ya daidaita ta da yamma, kafin tsakar dare ta bar sauran 'yan kiɗa ta kama gabanta. Maigida ya buɗe, ya duba, ya hura ƙura, ya ce babu abin da ya lalace. Injinan sauti uku ne a cikinta, kuma zafi yana motsa su. A kunna ta tun da wuri ta ɗumama, a nisanta ta da fitila, akwai ma ɗan maɓallin da ke ba da tsayayyen sauti don a auna sauran da shi. "Oga," in ji shi da ɗan Turancinsa na kasuwa, "a ƙasar sanyi aka haife ta. Ka yi haƙuri da ita."

Kafin ya tafi sai da muka jona ta da amfilifaya don gwaji. Ya danna madanni na can ƙasa, ya murɗa matacin sauti a hankali. Abin da ya fito kamar bajimin sa ne yake gurnani a cikin rijiya. Ƙananan sukurori suka kama rawa a cikin gwangwani, cokali ya yi ƙara a kofi, mai shayi ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ni dai a ƙirji na ji shi kafin kunne. Na gyara kayan sauti masu yawa bayan nan, amma wannan gurnanin ban sake jin irinsa daga wata na'ura ba.

Ana cikin haka kuma wani kiɗan yana shigo mana ta iska ba mu san mai shi ba. Mai gyaran rediyo dole ya zagaya tashoshi kafin ya ce aiki ya yi: Kaduna, Landan, Jamus, Muryar Amurka. In allura ta faɗa kan Muryar Sahel daga Yamai, tsakanin shiri da shiri akan sa wani kiɗa mai sanyi, fiyano da 'yar gangar inji a ƙarƙashinsa, ba gaggawa, ba waƙa mai yawa. Karin ba na Turawa ba ne. Kana ji ka san daga wajen Zabarmawa da Buzaye da Fulani da mu kanmu aka ɗebo shi. Maigida, wanda ba ya barin rediyon mutane a kunne don kada a cinye musu batir, in ya zo nan sai ya ɗan yi jinkiri, ya ce yana duba ko tana shan iska.

Mamman Sani ne. Ma'aikaci ne da ya yi aiki da hukumar UNESCO, a wajen wani taro ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Italiya, Orla, daga hannun wani wakili ɗan Ruwanda. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasar Nijar ya ɗauki kiɗansa, aka buga kaset wajen 100 kacal. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin sa a rediyo da talabijin kullum. Sai a 2013 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tono kaset ɗin ya sake buga shi a faifai, Mamman Sani ya shiga Turai yana wasa da furfurarsa. A shekarar nan dai aka sake fito da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, wanda faifansa "Atomic Bomb" yake tashi a shagunan Sabon Gari tun muna samari, mu kuwa muna wucewa muna cewa kiɗan 'yan kudu ne.

Shekarar 1983 ta canza kayan da ake kawo mana. Yamaha ta fito da DX7, mai duhun launi, babu katako, babu maɓallan murɗawa, sai wasu shafaffun maɓallai kore-kore da ɗan gilashin rubutu. Dabarar da ke cikinta wani malamin jami'ar Stanford, John Chowning, ya gano ta a 1967, kuma lissafi ce zalla. Ba ta kauce wa sauti, zafi bai dame ta ba, an sayar da fiye da dubu 150. Sai dai shiga cikinta a ƙera murya ya gagari kusan kowa, don haka duniya ta haƙura da muryoyi 32 da ta zo da su. Fiyanon nan mai ƙarar gilashi da ke cikin waƙoƙin soyayyar Amurka na lokacin, irin na Whitney Houston, daga nan yake. Coci-cocin Sabon Gari masu hali sun saya. A bayanta akwai soket mai ƙofa biyar, irin wanda muka saba gani a rikoda, an rubuta MIDI. A shekarar ne kamfanoni suka amince da harshe ɗaya da na'urar wannan za ta yi magana da ta wancan. Wani ɗan batir ne mai faɗin kwabo yake riƙe mata hadda. In ya tsufa bayan shekaru, sai mai ita ya wayi gari muryoyin sun gudu, gilashi yana nuna rubutun aljanu, ya zo mana a guje yana cewa an yi masa asiri.

Sannan aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. Nairar da muka san ta fi dala ta soma gangara, sabon kaya ya fi ƙarfin mutane, aka koma 'yan Kwatano. Nan kasuwarmu ta buɗe. Kayan Amurka da na Japan wuta 100 zuwa 120 suke sha, tamu kuwa 220 ce da ɗoriya. Mutum ya sayo fiyanonsa, ya tara iyali, ya jona, sai fat, siririn farin hayaƙi. Washegari ga shi da shi a kafaɗa, yana cewa ko taɓa shi bai yi ba. Maigida yakan sunsuna bayan ya ce, "An ba shi abin da ya fi cikinsa." Abin da muka tsinta a cikin fiyano kuwa, Allah kaɗai ya san iyakarsa. Kyankyasai da 'ya'yansu, gidan zanzaro, allura, ƙwayar gero, batir da ya fashe ya bar farin gari a kan waya. Madannin da ya yi shiru, sau da yawa ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robarsa. A goge da auduga da sifirit, a ɗan goga bakin fensir a wurin, ya dawo. Ba ma yin wannan a gaban mai kaya, don kada kuɗin aikin ya ba shi haushi.

Akwai wani baƙin akwati da ya daɗe a ƙarƙashin teburinmu, mai maɓallai 16 a jere, ja da ruwan lemo da rawaya da fari. Wasu 'yan kiɗan otal suka kawo gyara, aka gyara, ba su dawo ba, aka ce sun samu mai buga ganga na gaske. Roland TR-808 ce, injin ganga. Daga 1980 zuwa 1983 aka yi ta, wajen dubu 12, kuma ba ta yi kasuwa ba, saboda kowa ya ce ba ta yi kama da ganga ba. Wanda ya kafa kamfanin, Ikutaro Kakehashi, shi ma da gyaran agogo da rediyo ya fara, kuma dabararsa ta masu gyara ce: taransistocin da masana'anta ta ware a matsayin marasa kyau ya saya, saboda wani shuu da suke yi, shi ne gishirin sautin. Da aka daina samun irinsu, aka daina yin injin. Marvin Gaye ya yi waƙa da ita a 1982, samarin baƙaƙen fata na Amurka suka tsince ta a gwanjo da araha, suka gina kiɗan da jikokinmu ke ji yau a kanta. Haka wata budurwa sabuwar ma'aikaciya a Casio, Okuda Hiroko, ta tsara wani ɗan kiɗa a cikin ƙaramin fiyanon MT-40, 'yan Jamaika suka ɗauka a 1985 suka yi "Sleng Teng", aka yi ɗaruruwan waƙoƙi a kansa. TR-808 ɗinmu dai Maigida ƙafa yake ɗorawa a kanta in ruwa ya shigo shago.

Namu juyin sai da fim ya zo. Bayan "Turmin Danya" a 1990, harkar fim ɗin bidiyo ta kama a Kano, kuma mu da muka tashi a sinimar Indiya ba mu san fim babu waƙa ba. Ɗauko makaɗa da 'yan amshinsu da marokinsu kuɗi ne, ga ɗaukar sautinsu wahala. Sai ga fiyanon Yamaha jerin PSR, wanda yaro ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da sarewa da komai. Sitidiyo irin na Iyan-Tama suka buɗe, wasu kuma ɗaki ne kawai aka manna wa katifa da kwalin ƙwai a bango, a kashe fanka in za a ɗauka, mawaƙiya tana zufa tana jiran a dawo da wuta. PSR-730 har da ƙofar fulofi gare shi, ka adana kiɗanka ka sa a aljihu. Kiɗan "Sangaya" na kamfanin Sarauniya daga cikin Yamaha ya fito, kuma a lokacinsa babu shagon kaset, babu motar haya, babu gidan biki da bai tashi ba. A lokacin ina da nawa shagon, yaran nan 'yan fiyano suka zama abokan cinikina. "Baba, don Allah yau nake so, gobe muna da ɗauka." Kullum gobe suna da ɗauka.

Ina son in tsaya a kan yaran nan, domin ba a cika ba su haƙƙinsu ba. A wurinmu kiɗa gado ne. Ɗan malam ko ɗan attajiri bai isa ya rataya kalangu ba, ko da kuwa a gidansu an haddace Shata kaf, ana kuka da kukumar Garba Supa, ana kashe murya in Ɗanmaraya ya ɗauki kuntigi. A so kiɗa daban, a taɓa shi daban. Fiyano ya zo ba shi da gidan gado. Ana jona shi da wuta, yana da lambobi da Turanci a jiki, mai kaɗa shi a kujera yake zaune ya fi kama da ma'aikacin ofis. Ta wannan ƙofar 'ya'yan mutane da yawa suka shiga kiɗa, iyaye suna cewa yaron yana harkar na'ura. Daga baya har masu yabon Annabi da suka saba da mandiri suka shigo sitidiyo, wasu malamai suna ɗaure fuska.

Wahalar da suka sha ita ce na'urar ba ta san mu ba. A jerin muryoyi 128 da kamfanoni suka daidaita a kai a 1991 akwai sitar ta Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba, amma babu kalangu, babu kotso, babu gurmi. Sai yaran suka shiga aro. Murya ta 112, Shanai, busar Indiyawa ce, ita ta zama algaita. Ta 111 ta zama goge. Banjo aka rage masa tsawo ya tsaya a matsayin gurmi. Goge kuwa ba ya taka matakala, zamewa yake yi tsakanin sauti da sauti, madannai kuma matakala 12 ne ba ƙari. Don haka hannun hagu yana kan 'yar tayar nan ta gefe, ana lanƙwasa sauti da ita. Na canza wannan taya a fiyano da yawa. A Turai mai yiwuwa ta tsufa ba a taɓa ta sosai ba, a Kano ita take fara mutuwa.

Wata rana wani dattijo makaɗin kalangu, wanda ya yi zamani a gidajen biki da wajen mahauta, ya kawo rediyonsa, ya tarar da wani yaro yana gwada fiyanon da na gama gyarawa. Yaron ya gaishe shi har ƙasa, sannan cikin zumuɗi ya ce, "Baba, ka ji kalangu." Ya buga, yana murza taya. Dattijo ya karkata kai, ya bari ya gama.

"Sake."

Ya sake.

"Allah ya yi maka albarka, hannunka yana da daɗi. Amma ɗana, wannan abin naka ba shi da hammata."

Muka yi dariya har da shi. Gaskiya ya faɗa. Kalangu a hammata ake matse tsarkiyarsa, fata ta ɗaure ta saki, ya hau ya sauka yadda harshenmu ke hawa da sauka, har ya kira sunan mutum ya faɗi na ubansa. Fiyano bai taɓa iya wannan ba. Sai dai a ƙoƙarin da ya yi ya kasa, wani abu ya fito wanda ba kalangu ba ne, ba kiɗan Indiya ba, ba kuma abin da Japanawa suka nufa ba. Yau in aka saki kiɗan fim na wancan lokaci a Kumasi ko Garwa ko Jidda, Bahaushe zai ɗago kai tun kafin a fara waƙa. Dattijon ya rasu da daɗewa, kuma gidajen bikin da suka rage kiran irinsa fiyano suka kira. Ina tuna wannan ma, ba na ɓoye wa kaina.

Fiyanon shi ma bai daɗe a kan karaga ba. Kwamfuta ta shigo da FruityLoops, manhajar wasu 'yan Beljiyam, ta haɗiye ganga da fiyano da rikoda gaba ɗaya. Auto-Tune, wanda aka fitar a 1997, ya zo ya goge muryoyi har ka rasa gane wace ce ke waƙar. Ba na zagin abin, yaran yanzu suna fitar da sauti mai tsabta da mu ko a mafarki ba mu ji ba, kuma a Yamai akwai wani matashi, Hama, da ya riƙe tsohon Yamaha PSR-64 ya yi suna da shi har waje. Amma shagona ya daina ganin fiyano. Abin da ba shi da sukurori, me mai gyara zai buɗe? Da Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka kwashe tsohon shagon, kayan da ba a zo karɓa ba suka bi 'yan jari-bola a kan sikeli. Baƙin akwatin nan mai maɓallai 16 yana ciki.

Jikana ne ya nuna mini a waya kwanakin baya. "Tsoho, ka san wannan?" Na ce na san ta tun ubanka bai san hanyar makaranta ba. Ya ce to dubi kuɗinta. Dala dubbai, ta hannu, mai tabo. Minimoog ma haka, har kamfanin ya sake ƙera ta a 2016 saboda masu nema. A Turai da Amurka da Japan akwai masu tara su, suna shafa katako, suna neman ainihin kaucewar sautin nan da mutumin otal ya biya mu don mu raba shi da ita. Yaron ya buga lissafi a naira, ya dube ni, ya ce ashe da mun yi gida a Nasarawa. Na ce da ka gaji bene, ga shi ka gaji sukundireba.

Tun daga nan na ɗauki wata ɗabi'a. In ɗan jari-bola ya turo kurarsa ta layinmu, sai na tsai da shi na leƙa. Yawanci fanka ce da murfin tukunya da gawar janareta. Ran nan kuwa sai ga ƙaramin Casio, madanni uku sun karye, ƙofar batir babu. Yaron ya ga yadda na riƙe shi, nan take kuɗin ya ninka. Muka yi ciniki har ya yi kamar zai tafi, na yi kamar zan shiga gida, muka daidaita. Na kwana biyu a kansa da auduga da fensir, ya tashi, gangarsa tana tik-tik-tak a tsakar gida, jikoki suna rige-rigen dannawa. Hajiya ta fito daga madafa ta tsaya tana kallonmu.

"Malam, nawa ka ce Turawan suna saye?"

Na ce ai ba irin wannan ba ne, wannan ko a can ba shi da tsada.

"To Allah ya kyauta. In ka gama da shi, rediyona tun azumi take jiranka."